Tuban Wanda Bai Sha Ba

Asabar, 21 ga Mayu, 2022

Jiya aka raɗa wa ɗiyata suna a garin Rufa'a, gidan iyayen matata Aminat, inda ta tafi haihuwa. Muhsina. Jiyan nan kuma na zubar da mutuncina a gaban mutum ya fi sittin.

Daktorata ta asibitin Madani ta ce in riƙa rubuta abin da jikina ke yi kullum, in kai mata. To zan rubuta, amma wannan ba nata ba ne. Da ajamin da kakana ya koya mani nake yi. Yaran gidan nan Larabci ya cinye bakinsu, ko sun buɗe haruffa kawai za su gani.

Tun hantsi rana ta buɗe wuta. Ni kuwa da zafi ya taɓa ni, ƙafar hagu sai ta zama ta aro, harshe ya yi nauyi, mutum ɗaya ya koma biyu. Shi ya sa na tafi da gorar ruwan sanyi a aljihun jallabiya. In na ji abin na tasowa sai in zagaya bayan katanga wajen awaki, in zuba a ƙeya, in kurɓa, in rage fitsarin nan da ba ya jira. Sau huɗu ko biyar. Ashe idanu na kaina. Ban tuna ba, wallahi ban tuna ba, cewa aragi, giyar dabino, shi ma fari ne tas, a irin wannan gorar roba ake sayar da shi, kuma bayan katanga ake shan sa.

Bayan addu'a Haj Sharfuddeen, baban Aminat, ya ce in zo in gaida dattawa. Na miƙe, ƙasa ta karkace. Taku uku na yi, a na huɗu na faɗa kan tiren shayi. Kofuna suka tarwatse. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Gorar ta fita daga aljihu ta gangara har gaban ƙafar Haj, ba ko ɗigo a ciki. Da da saura, da wani ya sunsuna. Ba wanda ya ɗauka.

Sa'idu, wan Aminat, ya riƙe ni a damtse har bakin hanya. Abin da ya ce kawai, "Ranar sunan ɗiyarka, ya Bilyamin? Haram alaik." Ya tura ni cikin mota.

Me zan ce, sanyi ne?

Lahadi, 22 ga Mayu

Sanyi. Sunan da Baba ya raɗa wa ciwona ke nan.

Wata takwas da suka wuce na jefa rakshata, keken haya mai ƙafa uku, cikin tur'a, hanyar ruwan ban-ruwan gonaki. Gada biyu na gani, na zaɓi wadda babu. Allah ya sa ba fasinja. Daga nan aka yi ta yawo da ni, Madani, Hartum, hoton kai, allura a baya, har daktora ta zaunar da mu ta ce sunansa attasallub almuta'addid. Baba Larabcinsa na kasuwa ne da hawasha, wato gona, wannan ya fi ƙarfinsa. Muna fitowa ya ja ni ƙarƙashin bishiya.

"Mi tac ce? Hwaɗa mani da Hausa."

Ni da dogon bakina na ce ciwo ne a ƙwaƙwalwa.

Shi ke nan, na ɓata. Ciwon ƙwaƙwalwa a kunnen Bahaushe abu ɗaya ne, hauka. Na yi ta gyarawa, jijiyoyi ne Baba, laka ce, hankalina ras yake. Ina! Ya ce kul, kada ya ƙara jin wannan kalma ko a mafarki. Ga ƙanwata Yalwa an sa ranarta da Mahadi bayan Babbar Salla. "Wa ka auren ɗiyar gidan da aka ce akwai taɓi? In an tambaye ka, sanyi na."

Aminat na da ƙaramin ciki a lokacin, aka ce kada a tayar mata da hankali. Ita ma sanyi aka gaya mata. Baiwar Allah ta ɗaura ɗamarar yaƙi da sanyi: ruwan wanka mai tururi safe da yamma, citta da kanumfari, bargo. In na kai hannu randa ta buge hannun. In fito daga wanka ina dafa bango, ta ce ka ga, yana fita. Na bar ta a haka har ta tafi gida.

Talata, 24 ga Mayu

Ban fita ba. Ƙafa da dama-dama. Ni ne dai.

Alhamis, 26 ga Mayu

Aminat ta kira sau uku. Ina kallon sunanta yana haske har ya mutu.

Ba taurin kai ba ne. Da wayar ta yi ƙara sai ƙirjina ya ɗauka, dum dum dum, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya tsaya a wuya. Ni da na yi shekara tara ina kutsa raksha tsakanin manyan motoci ina rera waƙa, yau ƙarar waya ke sa ni gumi. Tir.

In na ɗauka zan ce mata me? Ban sha ba. To me ya kayar da kai? Nan maganar ta ƙare.

Juma'a, 27 ga Mayu

Labari ya riga ni ƙetaro kogi daga Rufa'a. Na je masallaci da wuri don in sami gefen bango. Wanda ya saba tsayawa kusa da ni ya zo, ya gan ni, ya tuna yana da magana da wani a sahun baya. Huɗuba kuma a kan giya, uwar laifuka, aka yi ta. Liman bai kalle ni ba ko sau ɗaya, rashin kallon ya fi kallon ciwo.

Yanzu kowa ya tuna da raksha a tur'a. Wai da ma sun yi zargi.

A hanyar dawowa na yi ta ƙirga taku don kada in yi tangaɗi. In ka sa ido a kan ƙafarka sai ta ƙara lalacewa. Ba zan koma ba, a ɗaki ma Allah yana ji.

Litinin, 30 ga Mayu

Ɗakin nan har yanzu ƙamshin turarenta yake. Wata biyu ke nan da tafiyarta amma ya kama labule ya ƙi saki. Tsefenta na nan a taga da gashi uku a jiki. Ban taɓa ba.

Yalwa ta kawo kisra, wainar dawa, da miyar kuɓewa, ta dawo ta ɗauke yadda ta ajiye. Ta ce, "Yaya, ko ƙuda sun fi ka ci." Na so in yi dariya don ta ji daɗi, fuskar ta ƙi.

Da Iya na da rai da ta zauna bakin gadon nan ko ba ta ce komai ba. Kewa nake ji, kewar kowa, har da kewar kaina na da. Gida cike da mutane, ana ta maganar akwatunan Yalwa da wanda zai yi mata lalle, ni ina jin su ta bango kamar rediyon maƙwabta.

Alhamis, 2 ga Yuni

Sa'idu ya zo da saƙo. Bai shigo ɗakina ba, a rakuba, rumfar tsakar gida, ya zauna da Baba, ina jin su.

Haj ya ce in Aminat ta yi arba'in ba za ta dawo ba. Ba zai mayar da ɗiyarsa da jikarsa gidan mashayi ba. Sai in na je da kaina, da ubana, gaban limaminsu, na dafa Alƙur'ani na ce na tuba na bari har abada. In na yi, an yafe, a ɗauki amarya da jaririya. In ban yi ba, in aiko da takardarta.

Arba'in ranar ashirin da biyu ga wata ne. Kwana ashirin.

Juma'a, 3 ga Yuni

Na ɗauka Baba zai ce to, tunda abin ya kai nan, a faɗi gaskiya. Ya shigo da fara'arsa kamar wanda ya tsinci dami a kala.

"Allah ya kawo sauƙi. Tahi ka tuba."

Na ce Baba, tuba daga me? Ban taɓa sha ba.

"Ni na sani, Allah ya sani. Mashayi in yat tuba ana karɓa tai, har a yaba mai. Wa kat taɓa ji an ce ya tuba daga ciwon kai? Ka ce ka bari, ai ba ƙarya kay yi ba, ba ka sha."

Kai, dattijon nan da ya yi karatu da ya kayar da alƙalai. Na ce to in na rantse, bayan sati zafi ya sake kayar da ni a kasuwa fa? Sai a ce ga wanda ya ci Alƙur'ani. Ya ce damina ta kusa, gari zai yi sanyi, kafin wata bazara an kai Yalwa ɗakinta.

Gaba kura, baya sayaki. In na ce giya ce, na yi wa Littafin Allah ƙarya. In na ce ciwo ne, na rusa auren ƙanwata, kuma wa ya ce Haj zai fi son majinyaci a kan mashayi?

Lahadi, 5 ga Yuni

Yau har hassadar mashaya na yi. Su da gari ya waye sun warke.

Laraba, 8 ga Yuni

Kwana uku ban rubuta ba, ba abin rubutawa. Kwanciya, juyi, kallon azara. Akwai wani abu da ke zauna mani a ƙirji tun kafin in buɗe ido, ba ciwo ba ne irin na ƙafa da zan nuna da yatsa. Salla ma sai in yi kabbara in rasa raka'a ta nawa nake.

Da yamma na lallaɓa bakin babbar tur'a, wajen da ba mutane. An sako ruwa saboda masu shukar gyaɗa, ya cika har baki. Na zauna ina ta tunani. Aminat shekararta ashirin da huɗu. In na sake ta, cikin shekara wani mai ƙafa biyu zai ɗauka. Muhsina ta tashi ba ta san uba mai jan ƙafa ba. Yalwa ta yi aurenta. Duk inda na juya lissafin, in aka cire ni yake daidaita.

Na daɗe ina kallon ruwan nan fiye da yadda ya kamata. Wani mai jaki ya wuce ya yi sallama, ban san shi ba, shi ma da alama bai san labarina ba don har da murmushi. Na amsa, na tashi. Na tsorata da kaina, astagfirullah.

Litinin, 13 ga Yuni

Madani. Na tafi ni kaɗai a motar farko kafin rana ta yi.

A benci na zauna kusa da wata mata Balarabiya mai sanda, ta kai hamsin. Ta dubi yadda na jawo ƙafa ta ce, "Kai ma namu ne? Kai me suka ce kana da shi?" Na ce aragi. Ta yi dariya har tana buga sanda. Ta ce ita aljanu aka ce, shekara uku ana yi mata kiɗa da hayaƙi kafin wani ya yi tunanin asibiti. Rabon da in yi dariya tun kafin suna.

Daktora ta duba ido, ta buga gwiwa, ta sa na taka layi. Sai ta ajiye alƙalami ta ce yaya barci, yaya abinci, me ke faranta maka rai kwanan nan. Na ce alhamdu lillahi. Ta ce ta san alhamdu lillahi, ba ita ta tambaya ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Har maganar tur'a na faɗa mata, ina kallon takalmina.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi mani wa'azi ba. Ta ce abin da ke kaina yana da suna, ikti'ab, baƙin cikin da ke danne mutum, da kuma fargabar nan mai sa gumi. Ta ce masu ciwona da yawa suna fama da su, wani lokaci ciwon ne da kansa ke kawowa, wani lokaci nauyin ɗaukarsa. Ba raunin imani ba ne, ba hauka ba ne. Ta rubuta wata ƙwaya, ta ce sai ta yi makonni kafin in ji aikinta. Ta ba ni lambarta, ta sa na yi alkawarin in tunanin ruwan nan ya dawo zan kira kafin in taka ko'ina.

Ta ce wa ya sani a gida? Na ce Baba. Matarka fa? Na ce ba ta sani ba. Ta girgiza kai, ta jawo takarda ta cika ta da bayani, ta buga hatimi. "Ka ba wanda ka ga dama, ko ka ajiye. Amma kaya irin wannan ba a ɗaukarsa mutum ɗaya."

To ga ciwo na biyu a ƙwaƙwalwa. Wannan kam ko da Larabci ba zan gaya wa Baba ba.

Alhamis, 16 ga Yuni

Na kira Yalwa na gaya mata komai. Na ce ita ce abin ya shafa, ya kamata ta sani.

A raina na shirya za ta ce, haba Yaya, faɗi gaskiyarka, in Mahadi zai fasa ya fasa. Haka nake so ta ce. Ta zauna tana murɗa bakin mayafi, hawaye na zuba. Can ta ce, "Yaya, wata ɗaya fa kawai ya rage. Ka san uwarsa."

Na san uwarsa. Na ce share hawayenki, ba komai.

Ban ga laifinta ba. Shekara uku tana jiran yaron nan. Amma da ta fita sai na ji ɗakin ya ƙara girma.

Lahadi, 19 ga Yuni

Na ce wa Baba zan je in tuba. Ya sa mani albarka har sau biyu. An tsayar da Alhamis da safe.

Aminat ta gaji da kira ta turo murya. Na yi awa ɗaya kafin in danna. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Abu Muhsina, in ka sha ka ce ka sha, ni ba Allah ba ce. Shirun nan ne ba zan iya ba." A bayanta ina jin kukan yarinyar, ƙarami, kamar na mage.

Na saurara sau goma sha wani abu. Ban mayar ba.

Laraba, 22 ga Yuni

Arba'in. Rana ba ta ƙarya.

Yalwa ta goge mani farar jallabiya ta rataye. Na sa takardar daktora a aljihu. Ban san dalili ba. Ƙarya nake, na sani.

Alhamis, 23 ga Yuni

Bari in rubuta tun hannun yana yi.

Mun isa Rufa'a da sassafe. An shimfiɗa darduma a ɗakin baƙi. Haj, limaminsu, Sa'idu, Baba, ni. Alƙur'ani a kan ɗan tebur, an lulluɓe da koren ƙyalle. Na yi alwala a waje, na shigo ina bin bango.

Liman ya yi nasiha mai daɗi a kan ƙofar tuba da ba ta rufuwa. Haj ya yaye ƙyallen ya ce, "Dahwa, ɗana. Ka ce ka tuba, ka bari."

Ɗana ya ce. Da zagi ya yi da ya fi mani sauƙi.

Na ɗora hannu. Hannun nan da ba ya jin zafin kofi, sai na ji sanyin fatar Littafin sarai. Kalmomin suna bakina, na yi ta maimaita su a mota. Abin da ya fito daban. Na ce, "Na rantse da wanda ya saukar da wannan, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, ko ɗigo, tun da aka haife ni."

Baba ya ce, "Bilyamin!" Ban waiwaya ba, in na waiwaya na fasa. Na zaro takardar na miƙa wa Sa'idu. Ya karanta a bayyane, yana tuntuɓe a kan manyan kalmomin. Da ya gama Haj ya ce, "Ban gane ba. Da Hausa."

Nan ne na ɓata wancan karon da Baba. Na ce, Baba Haj, ka san wayar wuta ta raksha, tana da riga ta roba. In ɓera ya ci rigar, batir lafiya, inji lafiya, direba lafiya, amma ka danna fitila ta ƙi, ko ta kama ta mutu. In inji ya yi zafi abin ya ƙaru. Jijiyoyina ne aka ci wa riga. Direban yana nan da hankalinsa, ga shi gabanka. Gorar da kuka gani ruwa ne nake zuba wa inji.

Liman ya ce la haula. Sa'idu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

Haj ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Giya ana bari. Wanga fa?"

Na ce ba ya bari. Ana lallashinsa da magani, yana tafiya yana dawowa. Wataƙila in yi shekaru a haka, wataƙila in kai ga sanda, ko abin da ya fi sanda. Ban rage masa komai ba.

"Kun zalunce mu, mun zalunce ka," in ji shi. "Amma ɗiyata ƙarama ta. Ku tahi, sai na yi shawara."

Ke nan na fito ba mata, ba 'ya, ba asiri. Labulen ƙofar cikin gida ya motsa lokacin da nake neman takalmi, ban ga kowa ba. Har muka iso gida Baba tagar mota yake kallo.

Asabar, 25 ga Yuni

Baba ba ya amsa gaisuwata, sai dai ya ɗaga hannu.

Abin mamaki, na cinye abincin rana. Kunya ma ta kama ni.

Talata, 28 ga Yuni

Kawun Mahadi ya zo jiya. Ba su fasa ba, ba su kuma tsaya ba. Wai a ɗaga zuwa bayan kaka, hidima ta yi yawa. Kowa ya san hidimar. Yalwa ta kawo mani shayi ta dire kofin har ya fantsama. Na ce ki yafe mani. Ta ce, "Da ma ban gama ɗinki ba," ta fita da sauri. Wannan zai daɗe yana cina.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Ƙirjin ya fara abin nasa. Na bar shi yana yi, na ɗauka.

Aminat ce, ko sallama ba ta yi ba. "Wata takwas! Shida daga cikinsu ina tafasa maka ruwa, ina ɗura maka citta, ina danne ka da bargo, ina hana ka randa. Sa'idu ya ce takardar ta ce zafi ne ke kayar da kai. Ashe da hannuna nake gasa ka, kana kallona kana cewa an gode!"

Na ce ina tsoron cikin ne. Ta ce cikin ya fito yau kwana arba'in da shida, sai wane tsoron kuma? Na ce tsoron ki tafi.

Sai ta ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ta ce ta yi wata guda ana nuna ta a gidan biki ana cewa matar mashayi, ta shanye, don tana cewa ko me ya yi nawa ne. "Ashe kai ba ka ɗauke ni taka ba."

Ta ce ranar Lahadi Sa'idu zai kawo ta ta kwashi kayanta.

Juma'a, 1 ga Yuli

An yi ruwan farko na kirki. Na fitar da kujera na zauna a bakin ƙofa, feshin yana taɓa ni. Ƙwayar daktora yau kwana goma sha takwas. Ban ce ita ce ba.

Jibi za a kwashe ɗakin.

Lahadi, 3 ga Yuli

Sun zo da hantsi a motar ɗaukar kaya. Aminat ta rame. Ta gaida Baba har ƙasa, ta rungume Yalwa suka yi ta kuka, ni ko kallo.

Ta shigo ɗaki da kwandon kayan jaririya a hannu ɗaya, yarinyar a ɗayan. Ta ajiye kwandon, ta ce, "Riƙe, ina da aiki." Na ce tsaya, hannuna ba shi da tabbas. Ta ce to zauna ƙasa, daga ƙasa ina za ta faɗa? Na zauna. Ta ɗora mani ita a cinya. Muhsina tana da kunnuwan Iya, ba wanda ya gaya mani. Ta yi mani fitsari a jallabiya, ɗuminsa na ji har a ƙafar hagu.

Aikin kwasar kaya kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Ta buɗe akwati, ta ninke, ta warware, ta mayar. Ta ce ɗakin nan ko na gwauro ya fi shi. Ta tambayi wane mai hankali ne ya bar gado a jikin bangon da rana ke duka, ta kira Sa'idu suka ja shi wajen taga. Ta ce in kawo magungunan, ta jera su, wannan na mene ne, wannan fa. Da ta zo kan ƙaramar ƙwayar na ce ta baƙin ciki ce. Na jira. Ta juya kwalin ta karanta bayansa, ta ce, "Da safe ake sha ko da dare?"

Sa'idu ya yi ta danna oda. Ta karɓi yarinyar ta goya, ta ɗauki jaka ɗaya 'yar ƙarama, mota guda don jaka ɗaya. A bakin ƙofa ta ce Baba Haj bai yanke ba tukuna, kada in sa rai. Na ce ban sa ba.

Kwandon yana nan tsakiyar ɗaki. Na gan shi tun kafin motar ta tashi, ban yi magana ba. Ita ma tsallake shi ta yi ta fita.

Na ari guduma wurin Yalwa. Sau bakwai ina kuskure ƙusar, sau biyu na sami yatsa, amma ta shiga. Na rataye kwandon sama, kusa da gadon. Ba wani abu ba ne, ɗakin nan akwai gara.